Wuyan Tela, Inci Sha Biyar da Kwata Uku

Shekara arba'in da ɗaya Tela ya yi yana auna wuyan mutane, kuma a duk tsawon wannan zamani nasa wuyan bai taɓa ba shi kunya ba. Inci sha biyar da rabi ne ranar da ya buɗe shago, haka yake kuma ranar da ya aurar da autarsa. Saboda haka da maɓallin kwala ya fara cizonsa wata safiyar Litinin, bai zargi mai wanki ba, bai zargi yadi ba. Ya zare tef daga kafaɗarsa, ya tsaya gaban madubin gwaji, ya auna. Sha biyar da kwata uku. Ya bi ƙarƙashin muƙamuƙinsa na hagu da yatsa, sai ya ji wani ƙullutu kamar maɓallin kwat, ba zafi, ba ƙaiƙayi, ya miƙe ƙafa abinsa kamar a ɗakin ubansa.

Asibiti ya ci masa mako biyar. Aka ɗebi jini, aka yanki ɗan nama, aka zura shi cikin wata na'ura mai ƙugi aka ce kada ya motsa. A ƙarshe aka zaunar da shi gaban Likita, wata yarinya wadda ba ta wuce sa'ar autarsa ba, sanye da farar riga da aka ɗora wa hannu a karkace. Tela ya daure bai ce komai a kan hannun ba.

"Baba," in ji ta, "ciwon daji ne na kaluluwa. Limfoma ake ce masa, kuma naka shi ne irin da ake kira folikula. Yana wuya, yana hammata, akwai ƙanana biyu a ciki. Amma tafiyar hawainiya yake yi."

"To, madalla da hawainiya. Wane magani za a fara?"

"Babu."

"Ƙarewa ya yi?"

"Yana nan a firji, bene na biyu. Ba ka bukatarsa yanzu."

Ta yi masa bayani a tsanake. Irin wannan ciwo, idan ƙanana ne kuma ba su hana mutum komai ba, yakan yi shekaru yana zaune, wani lokaci ma ya ja da baya da kansa. Za ta riƙa ganinsa duk wata uku, ta taɓa, ta auna, ta duba jini. Idan kuwa ya ga zazzaɓi marar dalili, ko gumi mai jiƙa zanin gado, ko rama, ko ƙullutun ya yunƙura, kada ya jira ranar da aka rubuta masa.

Tela ya fahimta fiye da yadda ta zata. Shi ma bai taɓa sa almakashi a yadi don kawai yadin yana kan tebur ba.

Da ya koma shago ya ɗauko littafin awo, wani ƙaton littafi mai baƙin bango inda kowane mai kawo ɗinki yake da shafinsa: wuya, kafaɗa, ƙirji, hannu, tsayi. Ya buɗe sabon shafi. A saman, inda ake sa suna, ya rubuta "Ni". Daga ranar, duk safiyar Litinin kafin ya taka keken ɗinki, sai ya auna wuya, ya auna faɗin ƙullutun, ya auna ƙugu saboda maganar rama, ya rubuta da kwanan wata.

Da an bar maganar tsakaninsa da Likita da littafin, da ba a samu labarin bayarwa ba. Amma Tela yana da mata, matar tana da waya, kuma suna da 'ya'ya biyu a ƙasashe biyu. Babban, wanda tun yana firamare ake kiransa Injiniya har sunan ya tabbata, yana wata ƙasa mai nisan awa tara a jirgi. Auta tana wata dabam, tana aiki a ɗakin magani. Uwar ta shimfiɗa takardun asibiti a kan gado, ta ɗauki hotonsu, ta tura wa kowa. Sai dai asibitin gaba da baya yake buga takardunsa, ita kuwa gaba kawai ta ɗauka. Injiniya, da yake mai ƙirga shafi ne, ya lura ya sa ta sake. Auta ba ta lura ba.

Ranar Lahadi da la'asar fuskokin biyu suka bayyana a wayar da aka jingina da kwalbar man keke.

"Baba, na nuna wa babban likita a nan," in ji Injiniya. "Ya ce da a hannunsa kake, da ya fara sa maka wani magani ta jijiya, sau ɗaya a mako har mako huɗu. Ba mai zubar da gashi ba ne."

"Gashin nawa ya rage?" in ji Tela.

"A'a, Yaya," in ji Auta, "wanda na nuna wa ya ce da hasken na'ura za a gasa wurin. Ya ce tunda a wuya kaɗai yake, ana iya rabuwa da shi ɗungurungum."

"Wane wuya kaɗai? Ke kin karanta kuwa?"

Minti arba'in suka yi suna jayayya a kan wuyan ubansu, shi kuwa mai wuyan yana kalmashe ƙafar wando. Sai can aka gano cewa likitan Auta rabin labari ya gani. Da aka kai masa bayan takardun, ya janye maganar haske, ya ce a asibitinsu wasu likitocin jira suke yi, wasu farawa, kuma ba ya ganin ɗayansu mahaukaci ne. Auta ta sassauta. Injiniya kuwa ya ƙara wuta. Kullum sai ya turo saƙo, kowane saƙo da lamba ɗaya, biyu, uku, kamar takardar ofis, kuma duk ma'anarsu guda: inda Baba yake, jira ake cewa a yi domin ba a da abin yi.

Uwar tana bayan ɗanta. Ba ta taɓa faɗa kai tsaye ba, amma Tela ya sha kama ta tana shafa matashinsa da safe, tana neman gumi.

"Ya jiƙe?" yakan tambaya.

"Ni ƙura nake kaɗewa, Malam."

A wata na bakwai, wata ranar Talata da hantsi, inuwa ta tare ƙofar shago. Tela ya ɗaga kai daga keke ya ga Injiniya da kansa, da jakar tafiya a hannu ɗaya da wata jakar takardu ta roba mai ruwan toka a ɗayan. Bayan gaisuwa, wadda ba ta yi tsawon da ya kamata ba, ɗan ya buɗe jakar robar a kan teburin yanka. Ga tikitin jirgi mai sunan Tela, ranar Asabar. Ga takardar ganin likita a can, ranar Laraba mai biyowa. Ga ma taswirar hanya daga gidan Injiniya zuwa asibitin, an ja ta da jan biro.

"Komai na shirya, Baba. Kaya kawai za ka haɗa."

"Ai na ga alama. Sai abu ɗaya ka manta."

"Me?"

"Tambayata."

Injiniya ya yi dariyar da ake yi wa tsofaffi. Ya ce gobe ranar asibitin Baba ce, ya sani, shi ya sa ya zo yau. Zai raka shi ya karɓi takardun sallama, ya kuma ji da kunnensa dalilin da ya sa aka zuba wa ciwon daji ido wata bakwai.

Washegari suka bar uwar tana tsaron shago. A ɗakin Likita kujerar baƙo ɗaya ce, saboda haka Injiniya ya tsaya, abin da ya fi masa daɗi ma. Ya jira ta gama taɓa wuyan da hammatar, ta duba sakamakon jini, ta ce komai yana inda ta bar shi. Sannan ya gyara murya.

"Likita, ba raini ba. A inda nake, wannan mutumin da yanzu ya gama magani. Ina so ki gaya mini gaskiya: babu maganin ne a nan, ko ba ku saba da shi ba ne?"

Likita ta ajiye biro. Tela ya ga maganar ta sosa mata rai, amma muryarta ba ta motsa ba.

"Yallaɓai, in ka sauka bene na biyu yanzu za ka tarar da mutum uku ana sa musu shi. Likitanka bai yi ƙarya ba. A ƙasashe da dama ana farawa da wuri, kuma yana da amfani: yakan jinkirta ranar da za a bukaci magani mai ƙarfi, yakan kuma kwantar wa wasu da hankali. Abin da ba a nuna ba shi ne yana ƙara wa mutum irin Baba tsawon kwana fiye da wanda ya jira. Kuma ba ruwan sha ba ne, yana raunana garkuwar jiki. Binciken da likitanka ya karanta, shi muka karanta. Hukuncin ne ya bambanta. Wani wurin ba a son mutum ya fita daga asibiti hannu wofi, wani wurin an saba da sa ido."

"Wato dai ra'ayi ne."

"Wani ɓangaren, e. Shi ya sa ba naka ba ne, ba kuma nawa ba ne ni kaɗai." Ta juya. "Baba, in kana so, ranar Laraba mai zuwa zan fara maka a nan, kuma ba kuskure ba ne. Tambaya ɗaya ce: jiran nan yana damunka? Yana hana ka barci, ko aiki?"

Wata bakwai ana maganar wuyansa a ƙasashe uku, yau ne aka fara juyowa a tambaye shi. Tela bai yi gaggawa ba. Ya buɗe ledar da ya riƙe tun daga gida, ya fito da baƙin littafin, ya buɗe shafin "Ni", ya juya mata shi.

Layi talatin ne cif. Wuya, sha biyar da kwata uku, daga sama har ƙasa, ban da mako guda da mura ta ƙara masa ɗan abu ya koma. Ƙullutu, kwata uku na inci. Ƙugu, talatin da shida, sai makonni biyun da ya kai talatin da shida da rabi, inda ya rubuta a gefe: "bikin maƙwabta".

Likita ta bi layukan da yatsa. Ta jawo nata fayil ta gwada, sannan ta yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Awonka ya fi na ɗalibaina. Amma Baba, tef ba ya ganin na cikin ciki."

"Shi ya sa nake zuwa wurinki, 'yata. In da yana gani, da na huta da layin nan naku."

"Baba!" Injiniya ya kasa daurewa. "Littafin ɗinki za mu bi? Ni fa ba na barci! Duk wayar da ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Wata bakwai ke nan!"

Tela ya rufe littafin a hankali.

"To ka ji, Likita. An samo wanda jiran yake damu. Shi ne ba ya barci, amma jijiyata za a huda."

Suka shiga mota. Injiniya yana kallon taga, Tela yana rungume da littafinsa. Ya san ya soki yaron a inda yake da ciwo, kuma bai ji daɗin hakan ba. Yana cikin shirya kalmomin lallashi suka iso shago.

Ƙofa a wangale take. Uwar tana zaune a kujerar jira, ta yi tagumi. An ture keken ɗinki gefe, kuma wani mutum mai gyararren gemu yana tsaye a kan bencin guga, yana auna bango da tef ɗin ƙarfe.

"Bawan Allah, lafiya?" in ji Tela.

"Lafiya lau, Baba. Ni ne mai askin bayan layi. Mai ginin da kake haya ya ce ƙarshen wata za ka tashi, wai za a fita da kai waje magani. Allah ya sawwaƙe. Madubi nake son sawa daga nan zuwa can."

Tela ya dubi matarsa, ta dubi ƙasa. Ya dubi ɗansa.

"Na kira mai ginin ne tun makon jiya," in ji Injiniya, muryarsa ta ragu. "Na ga za ka daɗe a can. Bayan maganin akwai bibiya, wataƙila shekara biyu. Na ce gara ka huta gaba ɗaya."

Duk kalmomin lallashin suka zube. Tela ya ajiye littafin a kan teburin yanka, ya ɗaga kai wajen mai aski.

"Nawa ka samu?"

"Ƙafa goma sha ɗaya."

"Goma da inci takwas ne. Tef ɗinka ya lanƙwashe a tsakiya. Sauko mini daga benci kafin ka karya shi, ya girme ka. Ka koma ka gaya wa mai gini marar lafiyar ya dawo da ƙafarsa, kuma yana da riguna tara da zai miƙa kafin Juma'a."

Mai aski ya sauko, ya naɗe tef, ya fice yana ba da haƙuri ga kowa har da keken.

"Ke kuma," in ji Tela, "da ke aka ƙulla?"

"Ni tsoro nake ji, Malam," ta ce, hawaye ya kawo. "Mutum yana yawo da abu a wuya, ana ce masa sai bayan wata uku. In ya tashi rana ɗaya fa?"

"In ya tashi, ni zan fara sani. A wuyana yake, ba a waya ba."

Ya ja keken ya maida shi kan tabon da ƙafafunsa suka yi a siminti. Sannan ya nuna wa ɗansa gaban madubi.

"Tsaya nan. Ɗaga haɓa."

Injiniya, mai mutum sittin a ƙarƙashinsa, ya ɗaga haɓa. Tef ya zagaye wuyansa.

"Sha bakwai da rabi. Ranar da ka tafi sha biyar ne. Inci biyu da rabi ka ƙara, ban sayi tikiti na zo na rufe maka ofis ba."

Uwar ta yi dariya cikin kuka ba da niyya ba. Injiniya ma bakinsa ya motsa, amma ya riƙe.

"Baba, ba wasa nake ba."

"Ni ma haka. Saurara, domin sau ɗaya zan faɗa. Ba zan hau jirgin nan ba. Ba don likitanka bai iya ba; na yarda ya iya. Can sun zaɓi su fara, nan an ba ni zaɓi, na zaɓa. Ba zan bar kekena in je in zauna a ɗakinka ina kallon taga, ana yi mini maganin rashin barcinka ba. Amma ba zan bar ka haka ba. Miƙo mini farin yadin can."

Ya shimfiɗa yadin, ya ja alli, ya sa almakashi. Dokarsa ce tun yana koyo: kowace kwala sai an bar mata rabin inci, wurin yatsa biyu, domin mutum ya haɗiyi yawu cikin mutunci. Ya kori masu koyo a kan wannan rabin incin. Yau ya yanka kwala a kan sha biyar da kwata uku daidai, ko zare ɗaya bai ƙara ba. Injiniya, wanda ya girma a ƙarƙashin teburin nan, ya gane abin da yake gani.

"Ba ka bar sarari ba, Baba."

"Da gangan. Duk Litinin zan sa ta, in ɓalla maɓallin sama, uwarka ta ɗauki hoto ta tura maka. Ranar da ya ƙi shiga, ko Likita ta ce lokaci ya yi, ko ɗaya daga alamun nan ya zo, a ranar zan hau bene na biyu, ba sai an roƙe ni ba. In an yi nan bai karɓa ba, to sai in zo in ga ƙasar taku da ake ta ba ni labari. Kafin nan, kada wanda ya sake kiran mai gini."

"In kuma kana ɓoye mana wani abu?"

"Lambar Likita tana bangon littafi. Na ba ta izini ta amsa maka. Sau ɗaya a wata uku, ba kullum ba. Yarinyar tana da aiki."

Injiniya ya zauna a kan bencin guga. Ya daɗe yana kallon ubansa yana taka keke, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, kamar yadda ya san shi tun yana rarrafe. Bai ce ya yarda ba. Abin da ya ce shi ne, "Zare ya kusa ƙarewa," ya tashi ya ɗauko wani daga aljihun tebur na biyu, inda yake tun asali.

Da aka zo kan kwala, Tela ya laluba gwangwanin da yake ajiye 'yan robobin da ke tsayar da bakinta, ya tarar babu. Ya waiwaya, idonsa ya sauka a kan jakar takardu mai ruwan toka. Ya zazzage tikitin da taswirar a hannun ɗansa, ya lanƙwasa robar ya ji ƙarfinta, ya gyaɗa kai.

"Kayan waje," ya ce. "Ba laifi." Ya yanko siraran tsinkaye biyu daga bangonta, ya zura su a bakin kwalar.

Ranar Asabar Injiniya ya hau jirgi shi kaɗai, da kujera wofi a gefensa, da sabuwar riga mai wuya sha takwas a jakarsa.

Ranar Litinin da safe Tela ya goge farar rigar, ya sa, ya tsaya gaban madubin gwaji. Maɓallin ya ɗan yi gardama, kamar yadda aka nufa tun wajen yanka kwalar, sannan ya shige. Ya rubuta layi na talatin da ɗaya. Matarsa ta ɗaga waya ta ɗauka, ta duba, ta ga ya fito.

"Juya," ta ce.

"In juya in yi me? Maɓallin a gaba yake."

"Juya dai, Malam. An taɓa yi mini faɗa a kan bayan takarda."

Tela ya juya mata ƙeya, ta ɗauka. Sannan ya ɓalle maɓallin, ya haɗiyi yawu, ya rataye rigar a ƙusa, ya jawo wando na farko cikin na ranar.